Wace Taya Zan Sa wa Jif Ɗina Don Zirga-zirgar Kano da Abuja?

"Assalamu alaikum. Ina da Toyota Highlander ƙirar 2012, 'yar Kwatano, kuma kusan duk ƙarshen mako ina kan hanya tsakanin Kano da Abuja, wani lokaci da iyali da kaya. Tayoyin da ta zo da su sun fara suɗewa. Na shiga kasuwa na fito kaina a ɗaure. Wani ya ce in sa masu manyan haƙora irin na Hilux, in ƙara girma kaɗan don motar ta tashi. Wani ya nuna mini Michelin Beljiyam mai sauran zane a rabin kuɗi. Na uku ya ce sabuwar 'yar China ta fi. Ƙauyenmu hanyar burji ce, amma sau ɗaya ko biyu nake zuwa a shekara. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam Malam, da fatan iyali suna lafiya. Abin da ka tarar a kasuwa haka yake kullum, kowane mai shago abin da ke jibge a sitonsa yake yabo. Ni ma sayar da taya da ɗaura ta ne sana'ata, saboda haka ka auna maganata da sikelin da za ka auna tasu. In na fahimce ka, abubuwa uku ne suka cuɗe maka: irin zanen da ya dace, ko a ƙara girma ko a bari, sai zaɓi tsakanin gwanjo mai babban suna da sabuwa mai ƙaramin suna. Kafin in taɓa ko ɗaya, sai mun fara sanin abin da ke kashe taya a wannan hanya da kake bi, domin duk amsoshin daga nan suke fitowa.

Abin da ke fasa taya a kan kwalta

Yawancin direbobi rami da ƙusa suke tsoro. Rami yana kumbura taya, ƙusa kuma ta tsayar da kai wurin mai faci. Amma fashewar nan da ke kifar da jif ana tsaka da gudu da rana tsaka, zafi ne ke kawo ta, kuma mafi yawan zafin daga cikin tayar yake tasowa.

Tayar Highlander ɗinka faɗin da'irarta kusan milimita 750 ne. In kana gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 12 a kowace daƙiƙa, wato daga Kano zuwa Abuja za ta juya wajen sau 170,000. A kowane juyi, inda ya taɓa ƙasa yana lotsawa sannan ya miƙe. Ka taɓa lanƙwasa waya gaba da baya da sauri ka ji ta yi zafi a hannunka kafin ta karye? To haka abin yake a cikin taya. Ƙarƙashin zanen akwai shimfiɗun wayar ƙarfe da aka manne da roba, kuma zafi ne ke sassauta wannan mannewar. Ran da ta saki, sai fatar saman ta ɓalle gaba ɗaya. Ƙarancin iska, nauyin kaya, gudu mai tsawo ba tsayawa, da tsufan roba, duk suna ƙara wa wannan lotsawar ƙarfi. Sai ka haɗa da kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ke kaiwa digiri 40 a Kano. Jif kuma doguwa ce, nauyinta yana sama, shi ya sa fashewar tayar baya da ƙaramar mota za ta iya sha, ita tana iya wuntsilawa.

Amurkawa sun ga wannan da idonsu. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, akasarinsu a kan jif ɗin Ford Explorer, saboda fatarsu tana ɓallewa a kan hanya. Matsalar ta fi yawa a jihohin kudu masu zafi irin su Texas da Florida, kuma tun kafin nan an riga an gan ta a Saudiyya da Venezuela. An sami aibi a ƙirar tayoyin, sannan aka yi ta jayayya kan iskar 26 (a ma'aunin PSI da gejin masu faci ke nunawa) da Ford ya ce a riƙa sawa, wadda mutane da yawa ke barin ta ta sauka ƙasa da haka. Bayan wannan ne Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa sababbin motoci, daga 2007, su zo da na'urar da ke kunna fitila in iskar taya ta ragu. In motarka 'yar Amurka ce, tana da ita. Wannan fitilar da mutane ke cewa lantarki ne kawai ya rikice, wasu har su sa a kashe ta, da rayukan mutane aka saye ta.

Lambobin da ke jikin ƙofa

Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin za ka ga takarda manne da girman taya da iskar da kamfani ya ƙayyade. Da ita za ka yi aiki, ba da abin da ke kan motar yanzu ba, domin mai ita na farko ko dillalin da ya kawo ta yana iya canzawa. Highlander ta wannan zubin takan zo da ɗayan biyu, 245/65R17 ko 245/55R19. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 ko 55 cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne a inci.

Bayan waɗannan akwai wata lamba da harafi da kusan ba wanda ke dubawa a kasuwa, misali 105S ko 107H, alhali su ne suka fi shafar mai ɗaukar iyali da kaya. Lambar tana faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 105 kilo 925 ne, 107 kilo 975, 111 kuwa kilo 1,090. Harafin gudun da aka gwada ta a kai ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke jikin ƙofa, a lamba ko a harafi. Hawa sama ba laifi. Harafin nan ba izinin gudu ba ne, doka dai 100 ta ce wa motar gida a babbar hanya mai tagwayen layi. Amfaninsa shi ne tayar da ta jure gwajin 210 tana da sauran ƙarfi mai yawa in kana 100 cikin zafi, shi ya sa nake fifita H ga masu doguwar tafiya in ta samu.

Maganar ƙara girma kuwa, bari mu yi lissafi. Abin da mai shagon ke nufi da wuya ya wuce 265/65R17, girman da Hilux da Prado da yawa ke sawa. Faɗin da'irarta ya fi na taka da milimita 26, ma'ana motar za ta tashi da milimita 13 kacal, bai kai kaurin ɗan yatsa da rabi ba. A madadin wannan, allon gudu zai nuna maka 100 alhali kana kusan 104, tayar ta fi nauyi, mai zai ƙaru, birki zai ɗan ja nesa, kuma in ka murɗa sitiyari ya ƙure ko ka cika motar da kaya tana iya gugar jikin mota. Highlander ba Hilux ba ce. Hilux da Prado a kan doguwar ƙashin ƙarfe aka ɗora jikinsu, ita kuwa Highlander gininta na dangin Camry ne, an dai ɗaga ta. Ka bar girmanta yadda yake.

Sauyi ɗaya nake goyon baya. In taka mai rim 19 ce, kuma ramuka sun dame ka, komawa rim 17 na Highlander ɗin yana da ma'ana. Da'irar tayoyin biyu kusan ɗaya ce, amma gefen ta 17 ya kai milimita 159, na ta 19 kuwa 135. Wannan bambancin shi ne sau da yawa ke raba tsakanin ka faɗa rami ka wuce da ka faɗa rami rim ya lanƙwashe. Tayar 17 kuma ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu in ka maƙale a Zariya ko Kaduna.

Masu haƙora ko masu santsin zane

Tayoyin jif kashi uku ne, kuma a jikinsu ake rubutawa. H/T ta kwalta ce, zanenta a haɗe yake, da dogayen kwaruruka masu korar ruwa. A/T ta tsaka-tsaki ce, haƙoranta a rarrabe, don burji da tsakuwa da ɗan taɓo. M/T ta laka ce zalla, wannan ba ma sai mun ɓata lokaci a kanta ba, sai dai in gona kake da ita cikin fadama.

A/T tana da kyan gani, ban musa ba, kuma rabin masu sayenta a wurina don kyan suke saye. Tana da amfani na gaske kuma: gefenta yakan fi ƙarfi, tsakuwa ba ta yanka ta da sauƙi. Sai dai komai da kuɗinsa. Haƙora masu rata suna nufin robar da ke taɓa kwalta ta ragu, don haka a jiƙaƙƙiyar hanya birkinta yakan fi na H/T tsawo. Tana da ƙugi, wanda ba za ka ji ba a cikin gari amma daga Kwanar Ɗangora zuwa Zuba zai zauna maka a kunne. Ta fi nauyi da shan mai, kuma kaurin robarta yana riƙe zafi. Kai kuwa a cikin tafiye-tafiyenka na shekara, biyu ne kawai na burji. H/T mai kyau za ta shiga ƙauyenku ta fito lafiya in ka rage gudu. Ba hikima ba ce ka sayi tayar kwana biyu ka sha wahalarta sauran shekarar.

Ka kuma lura da wadda aka rubuta LT a gaban lambarta. Ta motocin lodi ce, tana buƙatar iska mai yawa kafin ta ɗauki nauyin da aka ce, kuma a kan Highlander za ta sa motar ta yi ta tsalle kamar ba shokozoba. Ba taka ba ce.

Beljiyam da sabuwar 'yar China

A nan zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Sunan Michelin gaskiya ne, ingancinta ma gaskiya ne, amma ingancin ranar da ta fito daga masana'anta ne. Abin da ke gabanka taya ce da wani ya cire ya jefar a wata ƙasa saboda wani dalili, kuma ba wanda zai gaya maka dalilin. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma yana cikin jerin abubuwan da kwastan suka haramta a Najeriya, saboda haka ta ɓarauniyar hanya suke zuwa, a matse, a cikin rana.

Fara da lissafin kuɗin. Sabuwar H/T takan zo da zurfin zane milimita 8 zuwa 9, kuma in ya sauka zuwa 1.6 ta gama aiki, akwai ma 'yan tudu a cikin kwaruruka da ke nuna wannan iyakar. Ke nan abin da za ka ci a sabuwa kusan milimita 7 ne. Beljiyam mai kyan gani da milimita 5 saura 3 da ɗan wani abu gare ta. Rabin kuɗi ka biya, rabin rai ka samu, sannan za ka biya kuɗin ɗauri da balansin sau biyu. Ina ribar? Kuma milimitocin ƙarshe su ne mafi muni a damina, domin daga 3 zuwa ƙasa taya ba ta iya korar ruwa sosai.

Sai shekaru. A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take cewa daga ranar ƙira. Kamfanonin mota da dama shida suke cewa, Michelin da kansa yana cewa daga shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta cike yake. Kowane ma'auni ka ɗauka, mafi yawan Beljiyam sun cinye rabinsa ko fiye kafin su iso Ƙofar Ruwa ko Panteka. Roba tana bushewa daga ciki, kuma zafi yana hanzarta hakan. Nakan ga waɗanda aka kankare lambar aka sake bugawa, da waɗanda aka bi kwarurukansu da wuƙa mai zafi aka ƙara musu zurfi har kusa da waya, sannan aka shafe su da baƙin mai suna ƙyalli. In wurin lambar ya yi santsi dabam da kewayensa, ajiye ta.

Abu na uku shi ne wanda masu saye ba su cika sani ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Turai tayoyin hunturu ne, an ƙera su don sanyin da bai kai digiri 7 ba, da roba mai laushi. Su ne kuma suka fi sauran zane, don 'yan watanni ake amfani da su a shekara, shi ya sa suke ɗaukar ido. Za ka gane su da ɗimbin ƙananan tsaga-tsaga a kan kowane haƙori, da tambarin dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, da sunaye irin su Alpin, Blizzak ko Winter. A kan kwaltar Kaduna a bazara irin wannan roba narkewa take kusan yi, motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya ja. Haruffan M+S, wato laka da ƙanƙara, su kaɗai kada su tsorata ka, yawancin H/T na kirki suna da su.

To ashe duk sabuwa lafiya ce? A'a. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa, kuma wasu masu shigowa suna cusa taya uku ko huɗu cikin ɗaya don rage kuɗin kwantena, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kamawa. Wadda aka yi wa haka bakinta da wayarta sun riga sun murɗe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Ka sa a fito maka da ita daga leda, ka duba bakin da ke zama a kan rim, ka shafa cikinta. In ka ga lanƙwasa ko ƙwanƙwasa, a canza. Wadda ta shekara a jingine a ƙofar shago rana na dukanta ma ban so.

Game da suna, ga yadda nake jera su. In aljihu zai ɗauka, Michelin LTX, Bridgestone Dueler H/T, Yokohama Geolandar H/T, Continental CrossContact ko Dunlop Grandtrek mai zanen kwalta. Ga mai cin kusan kilomita 40,000 a shekara irinka, tsadar tana biyan kanta, domin sun fi daɗewa kuma sun fi riƙe jiƙaƙƙiyar hanya. Ƙasa da su kaɗan akwai Hankook Dynapro HT, Kumho Crugen, Maxxis da GT Radial, kuma a nan ne nake ganin kuɗi ya fi yin daidai da kaya. Sannan 'yan China masu sanannen kamfani a bayansu, irin su Triangle, Linglong, Sailun da Westlake. Ba su kai na sama riƙon ruwa ko daɗewa ba, amma sababbi ne, ka san ranar haihuwarsu, ba wanda ya taɓa tafiya da su a sace. Tsakanin ɗayansu da Michelin ɗin da aka nuna maka, ni da iyalina a mota, sabuwar zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Wadda nake gudu ita ce mai sunan da ba ka taɓa ji ba, ba za ka kuma sake ji ba bayan kwantenar ta ƙare.

Kowace ka tsayar, duba ƙananan rubutun gefe. Inda aka rubuta TEMPERATURE, wato jure zafi, ka nemi A, B in ba yadda za a yi, C kuwa kada ta hau motarka. Inda aka rubuta TRACTION, wato riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, A ko AA. Lambar TREADWEAR kuwa, wato daɗewar zane, kowane kamfani shi ke ba kansa maki, don haka tana da amfani ne kawai wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya. Ranar ƙira kada ta wuce shekara ɗaya, ko ɗaya da rabi. Da irin tafiyarka zanen zai ƙare kafin shekaru su zama matsala.

Ranar ɗauri da bayanta

Ka sayi huɗu iri ɗaya, musamman in Highlander ɗinka mai jan ƙafa huɗu ce, domin bambancin girma tsakanin sabuwa da suɗaɗɗiya yana wahalar da kayan da ke raba ƙarfi gaba da baya. In biyu kawai kuɗi suka kai, a baya za a sa su. Na san masu faci gaba suke cewa, don can injin yake. Amma in gaba ta zame kana da sitiyari a hannu, in baya ta zame motar juyawa take, kuma ba direban da ke gyara wannan a kan gudu.

Kafin a jefar da tsofaffin, ka duba yadda suka ci. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, ƙarancin iska ne. Tsakiya ta cinye, iska ta yi yawa. Gefe ɗaya kawai, alaimen ne. In kuwa cin ya yi tudu da kwari, shokozoba ta mutu, kuma in ba a gyara ba haka za ta cinye sababbin. A yi balansin, a yi alaimen, a sabunta bawul, a kuma gaya wa mai ɗaurin ya yi hankali da na'urar iskar da ke manne a bayan bawul ɗin, don ƙarfen cire taya yana fasa ta. Safaya ma a sauko da ita a duba ranarta da iskarta. A Highlander a ƙarƙashin mota take rataye, kuma sau da yawa wadda motar ta fito da ita ce tun 2012.

Iska kuwa, ka sayi gejinka na kanka, ba shi da tsada. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke bugawa duk jif ɗin da ta tsaya, wasu kuma lambar da ke jikin tayar suke bi, alhali wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Ka bi ta jikin ƙofa, ka auna da safe kafin mota ta motsa. In za ka cika ta da mutane da kaya kana iya ƙara biyu ko uku. In ka tsaya a Tafa ka auna ka ga ta hau da huɗu ko biyar, haka ya kamata, kada ka bari wani ya sace maka ita wai don kada ta fashe. Rage iskar taya mai zafi shi ne yake jawo fashewar da ake gudu. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri, wanda a tafiyarka kusan duk wata uku ke nan. Ƙusa a tsakiyar zane ana facinta daga ciki, amma yanka ko ƙulu a gefe ba shi da magani, komai sabuntar tayar.

Ban ga motarka ba, ban kuma taka hanyar ƙauyenku ba, kuma ban kawo farashi ba don da dala yake tashi yana sauka. Abin da zai sa in canza shawara shi ne in zuwa ƙauyen ya zama na kowane wata, ko in hanyar tana da kaifin tsakuwa ko yashi mai zurfi. A nan sai in ce ka nemi A/T mai sauƙin haƙora irin Dunlop Grandtrek AT20 ko Yokohama Geolandar A/T, a girman da ke jikin ƙofa, da lambar nauyi da harafin gudu da ba su gaza na asali ba. In kuma tsofaffin sun nuna cin tudu da kwari, ka fara da bakanike kafin ka zo wurinmu.